Mun danna "na yarda", amma da me muka yarda?



Makonni kaɗan da suka wuce zumuntarmu ta sayi sabon talabijin domin ɗakin taro, irin wanda ake haɗawa da intanet, da kuɗin da kuka yi wata da watanni kuna tarawa. Ranar da aka kawo shi muna wurin. Ɗaya daga cikin samarinmu, wanda duk wayar da ta rikice a cocin nan hannunsa take komawa, shi ya karɓi rimot. Shafi ya fito cike da ƙananan rubutun Turanci, ya danna. Wani ya fito, ya danna. Kafin minti biyar hoto ya bayyana, ɗaki ya ɗauki tafi. Da muka tambaye shi abin da ya amince da shi har sau huɗu a madadin ikkilisiya, sai ya yi dariya ya ce, "Baba Fasto, ai in ba a danna ba, ba zai buɗe ba."

Mu ma dariyar muka yi, domin haka muka yi wa wayar da ke aljihunmu. Amma a hanyar gida abin ya tsaya mana a rai. Lokacin da ikkilisiyar nan za ta sayi filin da ke bayan majami'a, dattawa sun zauna a kan takardar har zama uku, aka nemo lauya, aka kira shaidu, aka karanta wa waɗanda ba sa jin Turanci da Hausa. Ga shi yanzu mun shigo da na'urar da za ta zauna tare da mu shekaru a ɗakin da muke addu'a da shawara, mun ƙulla yarjejeniya da kamfanin da ke wata nahiya, babu wanda ya karanta ko layi ɗaya.

Kada wani ya ce tsoro ne irin na tsofaffi. A watan Fabrairu na 2017 kamfanin Vizio na Amurka ya amince ya biya dala miliyan 2.2 bayan hukumar kare masu saye ta ƙasar, FTC, da jihar New Jersey sun kai shi ƙara. Tun daga 2014, talabijin miliyan 11 na kamfanin suna lura da abin da ke kan allonsu daƙiƙa bayan daƙiƙa. Yadda abin ke aiki ba wuya: talabijin ɗin yana ɗibar ɗan yanki na hoton da kake kallo, ya aika, a gwada shi da rumbun fina-finai da shirye-shirye da tallace-tallace, a gane ko mene ne. Ko faifai ka saka, ko dikoda ka haɗa, duk ɗaya. Daga nan aka haɗa wannan da bayanan gidan, kamar shekaru, da jinsi, da samun kuɗi, da ko mai gidan yana da aure, aka sayar wa masu talla. Har waɗanda suka sayi nasu kafin a ƙirƙiro wannan dabara, an tura musu ita ta intanet suna zaune a gida. Su a ganinsu kallo suke yi, ashe su ake kallo.

Kamfanoni suna da amsa, kuma Bahaushe ya riga ya ba su karin maganar: kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wato tun da ka sayi na'ura mai haɗuwa da intanet, ka kuma danna cewa ka yarda, to ka san bayananka za su fita. Mu kuwa muna cewa wannan magana tana da ƙarfi ne kawai in rariya aka ce maka ita ce. In a kasuwa an miƙa maka ita da sunan ƙwarya, aka rubuta zancen hujojin a takarda mai shafi talatin cikin yaren lauyoyi, ba za a ce ka sani ba. Tun a 2008 wasu masu bincike biyu a jami'ar Carnegie Mellon suka lissafa cewa in mutumin Amurka zai karanta ƙa'idojin sirri na duk shafukan da yake shiga, zai ci masa fiye da awa 200 a shekara. Wancan mutumin Turanci harshensa ne, kuma a lokacin agogo da mota da kyamara ba su cika shiga layi ba tukuna. Balle mahaifiyarmu da ta iya karanta Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi da Hausa, aka ba ta waya kyauta ranar Kirsimeti.

Abin da muke so mu faɗa a fili shi ne, danna maɓalli ba shi ne yarda ba. Yarda tana bukatar mutum ya san abin da ake nema a wurinsa, ya kuma iya cewa a'a ba tare da an ƙwace masa abin da ya riga ya biya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗaurin aure ya san haka. Ba don ado ake tambayar amarya a gaban jama'a ba, kuma in aka gano an ɓoye mata wani babban abu, ko an tilasta mata, ba wanda zai ce ai ta riga ta amsa.

Ko sa hannu da alƙalami ma ba ya rufe maganar. A ƙarshen 2022 mujallar MIT Technology Review ta ba da labarin hotunan da na'urar shara mai tafiya da kanta, Roomba, ta ɗauka a cikin gidajen mutane. Na'urorin na gwaji ne, kuma kamfanin ya ce mutanen gidajen sun sa hannu cewa sun yarda a ɗauki hoto. To, amma aka tura hotunan ga ma'aikatan wucin gadi a Venezuwela domin su riƙa sa wa kayan ɗaki suna, su koya wa kwamfuta bambanta kujera da tebur, wasunsu kuma suka yaɗa su a zaurukan intanet. A ciki akwai hoton wata mata a bayan gida. Ta sa hannu, haka ne. Amma wa zai tsaya ya ce da wannan ta yarda? Akwai abin da mai saye yake tsammani in ya kawo kaya gidansa: tsintsiya ta yi shara, talabijin ya nuna hoto, mota ta kai shi inda za shi. A 2024 jaridar New York Times ta gano cewa motocin General Motors suna aika bayanin yadda direba ke taka birki da gudun da yake yi ga dillalan bayanai, su kuma su miƙa wa kamfanonin inshora, wasu direbobi suka ga kuɗin inshorarsu ya tashi ba su san dalili ba. Duk abin da ya wuce tsammanin mai hankali, wajibi ne a tambaye shi daban, a sarari, kafin a fara.

Wani zai ce, "Ni ba ni da abin ɓoyewa, ɗan haske ne ni." Mun ji wannan daga bakin matasa masu himma, kuma mun gane daga inda take fitowa. Amma sirri ba zunubi ba ne. Gidan da aka yi wa zaure ba gidan ɓarayi ba ne, kuma wanda ya tsaya a ƙofa ya yi sallama ba zargin mutanen gida yake yi ba. Matar da ta shekara takwas tana neman haihuwa, saurayin da ke shan maganin da bai so abokansa su sani ba, magidancin da bashi ya yi wa katutu, ba wanda ya yi laifi a cikinsu, amma kowannensu yana roƙon rufin asiri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Yanzu ga inda maganar ta fi yi mana nauyi, domin nan ne ta bar kamfanoni ta dawo kanmu. Mutum ɗaya ne ke danna maɓallin, amma ba shi kaɗai na'urar ke gani ba.

Shekaru kaɗan baya saƙo ya shigo wayarmu da sassafe, da hoton wani ɗan zumuntarmu, an rubuta cewa ɓarawo ne mai gudun bashi, a guje shi. Saƙon nan ya je wa shugaban mawaƙa, ya je wa mai gidan da yake haya, ya je wa iyayen yarinyar da yake nema. Abin da ya faru shi ne mahaifiyarsa na kwance a asibiti, ya ci bashin 'yan dubbai a wata manhajar waya da tsakar dare, manhajar ta nemi izinin ganin lambobin da ke wayarsa, ya ba ta. Da ya makara kwana kaɗan, sai suka juya lambobin nan suka zama bulala. Ya yi wata biyu bai taka coci ba saboda kunya. Ku lura da abu biyu. Na farko, mutumin da uwarsa ke kan gadon asibiti ba ya cikin halin ƙin sharaɗi, don haka kiran abin da ya yi yarda zalunci ne a kan zalunci. Na biyu, mu da lambobinmu ke wayarsa ba wanda ya tambaye mu. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a Najeriya har hukumar NITDA ta ci tarar wani kamfanin bashi naira miliyan 10 a 2021 saboda irin waɗannan saƙonni, kuma daga ƙarshen Mayu 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke kasuwarsa shiga lambobi da hotunan masu aro a Najeriya da wasu ƙasashe. Waɗanda ake turo wa mutum ta WhatsApp ya sauke a gefe, wannan doka ba ta kama su.

Haka kyamara take. Ba mu ce kada a sa ba. Da idonmu mun ga abin da rashin tsaro ya yi wa garuruwanmu, kuma majami'u da yawa sun sa kyamara a ƙofa da dalili mai kyau, kamar yadda mai babur ke sa na'urar bin sawu domin ɓarayi. Amma kyamarar da ke aika hoto zuwa waya, ta intanet take bi, kuma hoton yakan kwana a kwamfutocin wasu. A 2023 hukumar FTC ta tuhumi Ring, kamfanin kyamarar gida mallakar Amazon, cewa wani ma'aikacinsa ya yi watanni a 2017 yana kallon dubban bidiyon mata daga kyamarorin da suka sa a ɗakunan kwana da wuraren wanka. Kamfanin ya biya dala miliyan 5.8. A lokaci guda Amazon ya amince ya biya dala miliyan 25 kan zargin ajiye muryoyin yara da na'urar Alexa ta naɗa, har bayan iyaye sun nemi a goge. A Jamus kuwa, a 2017, hukuma ta haramta wata 'yar tsana mai suna Cayla, mai makirfo a ciki, domin baƙon da ke kusa zai iya haɗa wayarsa da ita ya ji yaro, har ya yi masa magana. Yaron bai danna komai ba. 'Yar aikin da aka sa wa kyamara a falo ba a gaya mata ba, ita ma ba ta danna ba. Baƙon da ya zo neman shawara ya zauna kusa da na'urar da ke jiran a kira sunanta, shi ma haka.

Ku tuna da Sarki Hezekiya, a 2 Sarakuna sura 20. Ya tashi daga ciwon da ya kusa kashe shi, sai ga manzanni daga Babila da wasiƙa da kyauta, sun zo gaisuwa. Daɗi ya kama shi, ya zagaya da su ɗakunan ajiyarsa duka, azurfa da zinariya da kayan yaji da makamai, bai rage komai ba. Ba su fasa ƙofa ba, shi ya buɗe musu, da fara'a. Da annabi Ishaya ya zo, tambayar da ya yi masa ita ce abin da mutanen nan suka gani a gidansa. Sa'an nan ya gaya masa cewa dukiyar za a kwashe ta zuwa Babila, har da waɗansu daga zuriyarsa. Abin da ya fi ba mu tsoro a labarin shi ne yadda Hezekiya ya kwantar da hankalinsa da cewa ai a zamaninsa za a zauna lafiya. Shi ya buɗe ƙofa, waɗanda ba su san an yi ba su suka biya.

Akwai kuma abin da ya taɓa mu kai tsaye a matsayin masu zuwa sujada. Wayar da ta san inda kake, ta san inda kake kowace Lahadi da ƙarfe tara. A 2020 an ba da rahoton cewa bayanan wurin masu amfani da manhajar Muslim Pro sun shiga hannun wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, wanda ke da ciniki da 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja, suka kuma yanke hulɗa da dillalin. A Janairu 2024 hukumar FTC ta hana wannan dillali sayar da bayanan da ke nuna zuwan mutane wurare kamar asibitoci da wuraren ibada. Abin da aka yi wa maƙwabtanmu Musulmi ta manhajar lokutan salla, babu abin da ya hana a yi wa kowa ta manhajar waƙoƙi ko ta karatun safe. In kana shakkar abin da taswirar tafiyar mutum za ta iya tonawa, a 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya duba taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa, ya gano sansanonin soja a Siriya da Afganistan, domin sojoji na gudun safe da agogonsu a hannu. A wasu wuraren da 'yan'uwanmu ke zaune, sanin wa ke shiga wace majami'a, da wane lokaci, ba zancen talla ba ne.

Wani lokaci ma ba a tambaya ko ta ƙarya. A 2020 wani kamfanin tsaron waya ya gano muguwar manhaja a cikin dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru, tun daga kwali, tana ƙoƙarin yi wa masu wayar rajistar abubuwan biya ba da saninsu ba, tana cinye musu data. Kamfanin da ke ƙera wayar ya ɗora laifin a kan wani mai kawo masa kaya, ya ce ya gyara. Talaka ne ya fi sayen irin wannan waya, shi ne kuma ya fi ƙarancin hanyar kai ƙara.

Doka dai tana nan, kuma ya kamata ku san ta. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A watan Yuni 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. A ƙarƙashinta, yarda sai ta kasance da son rai, a kan abu takamaimai, bayan an sanar da mutum. Shiru ba yarda ba ne. Kana da ikon janye yardarka, da ikon tambayar abin da aka tara a kanka, da neman a gyara ko a goge. Bayanin addinin mutum da na lafiyarsa suna cikin waɗanda aka ba kariya ta musamman, kuma yaro sai da iznin iyaye ko mai riƙonsa. A Yuli 2024 hukumar FCCPC ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220, cikin dalilan har da yadda aka sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba tare da yarda ta gaskiya ba. Ana iya taɓa manya ke nan. Amma mu faɗi gaskiya, kyamarar da aka sayo a kasuwa cikin kwali marar adireshi, wadda manhajarta ba a san mai ita ba, hukuma a Abuja ba ta da wanda za ta aika wa sammaci. Ingila ta haramta sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin zato tun Afrilu 2024. A kasuwanninmu har yau ana sayar da su, mai haɗawa ya bar kalmar da ta zo da ita, ko ya sa tasa ya tafi da ita.

Abin da muke bin kamfanoni bashi ba mai yawa ba ne. Su faɗi abin da na'ura ke ɗiba a layi kaɗan, da harshen da mai saye ke ji, Hausa ma tana ciki, tun da sun iya yin talla da ita. Su bar tattara bayanai a kashe har sai mutum ya kunna da kansa. Wanda ya ce a'a, talabijin ɗinsa ya ci gaba da zama talabijin.

Namu kason kuma ba ma jiran majalisa. In tocila ko manhajar lissafi ta nemi lambobin wayarka, ka hana ta, domin lambobin nan amanar mutane ce, ba kayanka ba. In ka sa kyamara a gida ko shago, ka gaya wa masu shiga, kada kuma ta leƙa inda mutum ke tuɓe riga. Kafin ka sayar da tsohuwar waya ko ka ba ƙanenka, ka goge ta sarai. Sa'an nan mu dubi halinmu a cikin ikkilisiya, domin mu ma masu tara bayanai ne. Muna da rajistar baƙi da sababbin tuba, da lambobinsu da unguwanninsu, tana yawo a wayoyin mutum nawa? Muna watsa sujada kai tsaye, kyamara na bin fuskar wadda ta fito gaba tana kuka, wa ya tambaye ta? Roƙon addu'ar da aka faɗa wa mutum uku yakan wayi gari a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu, da sunan mai ciwon da sunan ciwon. Da kyakkyawar niyya muke yi, mun sani. Hezekiya ma da fara'a ya yi nasa.

Game da talabijin ɗinmu, mun koma da saurayin nan muka shiga saiti. Sai da muka yi kusan rabin awa kafin muka gano inda ake kashe bin diddigin kallo da tallan da ake auna wa mutum, a can ƙasan wani shafi, alhali kunna su daƙiƙa ɗaya ya ɗauka. Mun kuma yanke cewa ba za a haɗa shi da intanet ba sai ranar da ake bukata. Ranar Asabar bayan koyon waƙa kowa ya zo da wayarsa, za mu zauna mu duba izinin da muka ba kowace manhaja, ɗaya bayan ɗaya. Ku zo da na iyayenku in sun yarda. Wanda kuma ya san mutumin da ya haɗa mana kyamarorin ƙofar majami'a shekara uku da suka wuce, ya taimaka ya zo da shi, domin mun tambayi dattawa da sakatare da mai gadi, ba wanda ya san kalmar sirrin sai shi.